Kwalaben da Aruna Ya Ɗauro Daga Bawku

Kawuna Aruna mutumin Salaga ne, ɗan gidan fataken goro, amma bai gaji fatauci ba. Sau biyu ya fita da kaya, sau biyun goron ya ruɓe masa, sai ya tattara ya koma Yendi ya kama aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaji. Dangi suka yi ta masa dariya, wai ɗan madugu ya koma wanke-wanke. Har yau haushinsu nake ji.

Shugabarsa wata 'yar kudu ce, Dakta Ofori, mai binciken ƙwayoyin cuta. Ta daɗe tana faɗa, ba mai saurare, cewa ƙwayar cuta kan saba da magani, har ta gadar wa zuriyarta taurin kan.

A bazarar 1968 sanƙarau ya ɓarke a Bawku. Ana ba mutane maganin da aka saba, suna ta mutuwa. Cikin waɗanda ke kwance har da Sahadatu, 'yar Aruna tilo, wadda ke aure can. Dakta ta roƙi manya su aika wani magani dabam, suka ce sai ta kawo hujja. Hujjar kuwa ita ce ƙwayar da ranta, a shuka ta tare da tsohon maganin a ga ko za ta tsiro. Ba a tambayi wa zai je ba, Aruna ya miƙe.

Ya sami 'yarsa wuya a sanƙare, ba ta ma gane shi ba. Malamin asibiti ya ɗebo ruwan gadon bayan mutum uku, har da nata, a ƙananan kwalabe. Dakta ta riga ta ja masa kunne cewa ƙwayar ba ta jure sanyi, ba ta jure rana, sai ɗumin jikin mutum. Ya naɗe kwalaben a cikinsa da rawani, ya mayar da riga, ya hau lorin albasa da safe.

A Nakpanduri aka tsaya sallar azahar, Aruna bai sauka ba. A ganinsa ba ya tsayawa gaban Allah da ruwan jikin majinyata, kuma ba halin ajiyewa. Wani dattijo ya tambaye shi ko lafiya. Kawu kuwa, Allah ya jiƙansa, ko ƙaryar ceton kai bai iya ba, ya faɗi abin da ke jikinsa.

Nan take kowa ya watse daga kusa da shi. Mata suka janye goyonsu, wani ya ɗauko sanda. Direba Yussif ya zo yana huci.

"Massa, ko ka jefar da wannan abu, ko ka sauka. Lori na ba ya ɗauka mutuwa."

"Ɗaya na 'yata ne," in ji Aruna. "Idan ya mutu a hanya, ita ma ta tafi."

Aka yi ta cacar baki, rana tana yi. Daga ƙarshe Yussif ya nuna masa saman kaya. Aruna ya hau ya kwanta rubda ciki kan buhunan albasa don ranar ta ci bayansa, ba kwalaben ba. Haka ya wuce Gushegu, yana riƙe da igiya, duk ramin da lori ta faɗa sai ya laluba ko wata ta fashe. Ya isa Yendi gab da magariba, ƙeyarsa ta saluɓe.

Dakta ta shuka ruwan kowace kwalba a faranti dabam tare da tsohon maganin, kwana biyu suna jira. Faranti biyu ba su tsirar da komai ba. Na ukun ya tsiro fal, a tsakiyar maganin, kuma sunan Sahadatu ne a jikinsa. Aruna ya ce alhamdulillahi, sai kuma ya kama bakinsa.

Sabon maganin ya isa Bawku bayan kwana biyar, ya tashi mutane da yawa. Sahadatu kuwa kwananta biyu a kabari.

Dakta ta rubuta binciken, aka karanta har ƙasashen waje, masana suka riƙa aiko wasiƙa a ɗebar musu ƙwayar. Dole a raya ta ke nan, a dafa mata romon nama, a riƙa sauya mata faranti. Dakta ta so ta ba wani mutum aikin, Aruna ya ƙi. Shekara shida shi ke ciyar da ita.

Na taɓa tambayarsa ko ba ya ƙin ƙwayar.

"Na tsane ta," ya ce. "Amma ita kaɗai ta rage da rai daga jikin yarinyar."