Ɗigon Biro a Goshin Baba

Babana tela ne, shekara arba'in yana taka keke ɗaya a shagon da ke jikin gidanmu. A gefen almakashinsa kullum akwai Littafi Mai Tsarki da rediyo. Da ya ji an ce yaƙi ya ɓarke ko ƙasa ta girgiza, sai ya ɗaga ƙafa daga keke ya ce, "To, saura ƙiris Ubangiji ya dawo." Ni kuwa bakina ba ya shiru. Nakan ce, "Baba, wannan ƙiris ɗin naka ya girme ni." Mama ta harare ni, shi ya yi dariya.

Dariyar ta ƙare ranar da likita ya ce hawan jinin ido ya cinye masa na hagu, na dama ma in ba a yi aiki ba zai bi sahu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

Ranar aikin na raka shi. Nas ta ɗaura masa wata roba mai lamba a hannun dama. Sai ta ɗauko biro ta ɗiga masa alama a goshi, saman idon da za a yi wa aiki, don kada likita ya kuskure. Baba ya miƙe zumbur.

"Hannun dama da goshi," in ji shi, ya juyo gare ni. "Uwata, kin ga abin da nake faɗa? Alamar dabbar nan ce ta ƙarshen zamani da Littafi ya faɗa."

"Haba Baba, biro ne fa! Da yawu ma sai ya goge."

Nas ɗin, baiwar Allah, ta ce za ta mayar da robar hagu, alamar kuma a kumatu. Na durƙusa a gaban mutane ina roƙonsa. Ina! Ya ce gara ya shiga Mulkin Sama da lalube. Haka muka dawo gida, ina kuka, ina jin haushinsa kamar in yi ihu. Fasto ma ya zo har sau biyu ya ce masa ba wanda ya san ranar dawowar Ubangiji, bai saurara ba.

Wata biyar ke nan. Keken yana rufe da tsohon zane, Baba kuma bango yake dafawa in zai fita tsakar gida. Jiya da safe na kai masa ruwan wanka, ya riƙe hannuna, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada Mama ta ji.

"Uwata, an ce in Ubangiji ya zo kowa zai gan shi da idonsa. To ni fa?" Sannan ya ce, "Ki tambayo min likitan nan ko da sauran abin da zai iya yi."

Na riga na tambayo tun makon jiya, likitan ya ce lokaci ya wuce. Na kasa gaya masa amsar.