Yadda Sietske Ta Binne Waƙar Malam Bolhuis

Yayata Sietske Boerema ba ta da mantuwa, ni kuma ban taɓa ganin laifinta ba. A garinmu na arewacin Holan, makullin benen da ogan ɗin coci yake, babban abin kiɗan nan mai bututu da ake kaɗawa da hannu da ƙafa, a aljihun mutum ɗaya yake kwana, wato Malam Tjaard Bolhuis. Shi ya koya mata kiɗa tun tana ƙarama. Da ya ga hannunta ya soma wuce nasa, sai ya je ya gaya wa dattawan coci wai bai dace ƙafafun budurwa su riƙa tsalle a kan matakan ogan a ɗakin Ubangiji ba. Dattawan suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru, aka hana ta hawa benen. Ranar ba ta yi kuka ba, ni na yi mata.

Ta tattara kayanta ta tsallaka Jamus. Can ta ƙware a kiɗan tsofaffin Jamusawa, mai muryoyi da yawa suna bin juna ba mai taka wani, daga baya ta ƙara da na Faransawa, wanda ke girgiza tagogi. Amma abin da ya fito da sunanta shi ne rufe taro. Al'ada ce makaɗin gida ya ba baƙo guntun karin waƙa, baƙon ya gina kiɗa a kai nan take, ba shiri. A wannan fagen Yaya ba ta da na biyu.

Malam Bolhuis kuwa ba mata ba ɗa. Abu ɗaya ya haifa a duniya, waƙar godiyar girbi, wadda garinmu ke rerawa kowace shekara bayan an tone dankali. Gaskiya ɗaya ce, waƙar tana da daɗi. Yakan ce ko ya mutu ita za ta riƙe sunansa.

Furfura ta fara fito wa Yaya lokacin da aka gyara ogan ɗinmu, sabon fasto ya gayyato ta ta buɗe shi. Malam ya tarye mu a gindin bene yana kaɗa makulli.

"Sietske 'yata, kin ga amfanin horo? Da ban matsa miki ba, da yanzu kina nan kina feraye dankali."

"Ban manta komai ba, Malam," in ji ta.

Ni ke tsaye a gefenta ina juya mata shafi. Da aka zo rufe taro, Malam ya hawo yana haki don ya ba da kari. Duk waƙoƙin duniya ya rasa wadda zai zaɓa sai tasa. Ya kaɗa ta da yatsa ɗaya, ya sauka yana murmushi.

Na raɗa mata, "Yaya, ji tsohon nan da ƙarfin hali."

"Juya min kujerar nan daidai, ki yi shiru."

Da farko ta ɗauki waƙar a hankali, da taushin da shi kansa bai taɓa iya ba ta ba. Na leƙa ƙasa, na ga ya ciro hankici. Sai da ta tabbata kowa ya saki jiki, sannan ta sauya. Ta mai da ita kiɗan akwatin nan da ake turawa a amalanke ranar kasuwa, na rawar mashaya. Bai ishe ta ba, ta sa ƙafarta ta hagu ta riƙa sauka kan matakan ogan a makare, yadda ta Malam ke yi tun muna yara, abin da kowa ya sani ba wanda ya taɓa faɗa. Matar mahauci ce ta fara tuntsirewa. Mutanenmu da ko tari a coci sai sun nemi gafara, ranar har da masu riƙe ciki. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Washegari Yaya ta hau jirgin ƙasa ta koma. Yara suka ɗauki kiɗan suna rera shi da fito a kan keke, masu shan giya suka sa masa baitocin da ba zan maimaita ba.

Ranar godiyar girbi coci ya cika. Malam ya fara waƙarsa, muka buɗe baki, sai wani daga baya ya buga ƙafa a makare. Dariya ta bi layi-layi har gaba. Aka sake farawa, aka sake watsewa. Fasto ya ɗaga kai wajen bene ya ce, "Malam Bolhuis, bari mu ɗauki wata."

Tsohon ya ture takardar waƙarsa gefe. Sannan ya buɗe littafin waƙoƙi, ya nemo ta wani, ya kaɗa mana ita da hannunsa har ƙarshe. Ni kuwa na rera ta da dukan muryata.