Ƙafar Dama ta Hafizu

Hafizullahi ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu ce tsakaninmu. A tashar Isa ba wanda ya san shi da dogon sunan nan. Hafizu Mai Jirgi suke ce masa, shi kuma ya amsa da dariya yana goge gilashin bas ɗinsa. Ni ne dai ba na iya dariyar.

A Tsamaye aka haife mu. Gidanmu gandu ake yi: gona ɗaya, rumbu ɗaya, kuma dole namiji ɗaya cikin 'ya'ya ya tsaya a kai. Da Baba ya rasu, ni babba ya kamata in karɓa. To amma na riga na samu aikin koyar da kimiyya a wata sakandare a Isa, na saba da farar riga da biro a aljihu. Sai Hafizu ya ɗauki galma ba tare da kowa ya ce masa ɗauka ba. Da damina yana gona wajen mahaifiyarmu, Inna Kande, da rani yana tuƙa bas tsakanin Sabon Birni, Isa da Sakkwato.

Direba ne na gaske, ƙafarsa ta san totur kamar yadda harshe ya san haƙori. Amma ransa yana sama. In ya sauke fasinja a Sakkwato, sai ya bi hanyar filin jirgi ya tsaya yana kallo har jirgi ya ɓace. Sakamakon sakandarensa ma ya fi nawa kyau, abin da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba.

Shekara bakwai da suka wuce aka yi sanarwar za a ɗauki matasa a koya musu tuƙin jirgi. Hafizu ya ci jarrabawar rubutu. Saura gwaji na biyu, inda za a zaunar da mutum cikin wata na'ura mai kujera da allo, a ga yadda hannu da ƙafa suke aiki tare. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zo gidana da wani littafi da ya aro.

"Yaya Dalhatu, Turancin ga ya hi ƙarhina. Kai da kas sha boko, karanta ka hwaɗa mini da Hausa."

Muka zauna a kan tabarma. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. In matuƙi ya jawo sitiyari zuwa ƙirjinsa, wani faifai a wutsiyar jirgi zai ɗaga, hanci ya yi sama. In ya tura, hanci ya yi ƙasa. In ya murɗa hagu, ƙananan faya-fayan da ke bakin fukafukai ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka, jirgi ya kishingiɗa hagu ya fara kwana. Hafizu ya ɗauko murfin tukunya ya riƙe a ƙirji, yana jawowa yana turawa, har da lumshe ido.

Matata Mu'minatu ta leƙo daga madafi. "Kai direban sama, in ka sauka Makka ka aiko mini murhina, miya na hucewa."

"Ke dai shirya jaka, ke za ni hwara ɗauka. Yaya shi biyo a bas."

Sai ya ɗora yatsa a kan hoton wasu matakai biyu da ke ƙarƙashin ƙafafun matuƙi.

"Waɗanga hwa? Totur da birki na, awa na mota?"

Shafin yana buɗe a cinyata, kuma na riga na karanta shi. Matakan nan su ke juya faifan da ke tsaye a wutsiya. Ka taka dama, hanci ya yi dama. A ƙasa ma da su ake tuƙa jirgi, sitiyari ba ya juya taya. Totur ɗin jirgi kuwa a hannu yake, ba a ƙafa ba. Duk na san wannan. Amma kafin in buɗe baki sai na hango Hafizu cikin farar riga mai igiya a kafaɗa, na hango kaina a Tsamaye ina duƙe a kan kunyar gona, ɗalibaina na wucewa suna gaishe ni.

"Kusan haka nan ne," na ce. Na rufe littafin, na ce a kawo abinci.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ai can za su yi musu bayani. Sun yi kuwa, da Turanci mai gudu, cikin minti biyu. Ƙafar da ta shekara tara a kan totur ba ta jin bayanin minti biyu. Da aka ce ya tashi, Hafizu ya danna ƙafar dama, jirgin cikin allo ya bar titi ya faɗa ciyawa. Ya murɗa sitiyari hagu kamar kowane direba, ba abin da ya motsa. Sau uku aka ba shi. A na ukun ya gane, amma mai gwaji ya riga ya rubuta abin da zai rubuta, sauran samarin suna ƙunshe dariya. Da shekara ta zagayo, shekarunsa sun haura iyaka.

"Ƙahwata ta ci amanata, Yaya," shi ne kawai abin da ya ce da ya dawo.

Ya koma bas. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku. Hanya ta lalace da 'yan bindiga, sau biyu yana dawowa da ramin harsashi a jikin mota. Duk sau biyun na je jaje, na zauna ina kallon ramin, na tashi ban faɗa masa abin da na yi ba.

Bana, gab da faɗuwar damina, na bi shi zuwa Sabon Birni a kujerar gaba. Da fasinja suka watse a tasha, na ce ya dakata, na faɗa masa abin da na ɓoye masa ranar da ya kawo littafin.

Ya kashe mota. "Ka karanta shahin?"

"Na karanta."

"Kahin in tambaye ka, ko baya?"

"Kahin."

"Don gona?"

"Don gona."

Ya dafa sitiyari. "Da ka ce mini in zauna, wallahi da na zauna, ko gwajin ba ni zuwa. Mi yas sa sai da ka bari anka yi mini dariya?"

Ya miƙo hannu ta gabana ya buɗe mini ƙofa.

"Bana ba ni noma. Inna kuwa ba ta iyawa."

Na nemi a mayar da ni makarantar da ke kusa da gida, aka mayar. Da ruwan fari ya sauka ni na riƙe sungumi, Inna na biye tana zuba iri. Ta tambaye ni sau ɗaya abin da ya shiga tsakaninmu, na ce ta bari sai an gama shuka. Tafukana duk sun yi bororo. Da hantsi bas ɗin Hafizu yakan wuce ta bakin gona, ya danna oda sau biyu, Inna ta ɗaga masa hannu. Ni ma nakan ɗaga, amma bai rage gudu ba tukuna.