Muryar Baffa Ori Daga Injin Rabah

Ƙarfe biyu da rabi na rana ne, bayan azahar, a ofishinmu na Wurno. Ni ne da Hajara mai allurar dabbobi, sai Buba, wani makiyayi da ya shigo jiƙe har gwiwa. Wallahi abin da zan faɗa muku ya faru da ni, shekarun baya, kuma zan faɗe shi bi da bi.

Da farko ku san aikina. Ƙungiyarmu tana ɗaukar hotunan shanu da muryar masu su, ni kuma ina kula da ma'ajiyar. Injunan kwamfuta uku ne, ɗaya a Wurno, ɗaya a Rabah, ɗaya a Goronyo. A cikin kowanne manhajar ajiya tana zaune cikin nata kwantena, wato a killace kamar buhun da aka ɗaure baki. Abin da aka zuba a ɗaya, in netwok ya samu, sai ya kwafu zuwa sauran biyun.

Buba ya ce, "Malam, Baffa ya rasu watan jiya, yanzu shanunai suna kan tudu cikin fadama, ruwa na ƙaruwa, sun ƙi ƙetarewa. Kiranai kawai sunka sani. An ce kun ɗauki muryatai."

An ɗauka kam. Baffa Ori, mahaifin Buba, ya yi wa Hajara kiran shanunsa a Rabah, har yana mata dariya wai inji ba ya kiwo. Amma a daren ranar tsawa ta ƙone injin Rabah kafin muryar ta kwafu. Na nuna wa Buba injin da aka kawo mana, yana kan kanta, baƙi ƙirin, ba waya ba batir. Na ce, "Ka yi haƙuri, babu ta."

Bai tashi ba. Ya ce, "Duba dai."

Ni ba na son maimaita aikin da na gama, amma na duba. Injuna biyu nake gani kullum a fuskar kwamfuta tun bayan tsawar. Ran nan na ga uku. Rabah ta kunnu, kore shar, ta turo fayil guda ɗaya, sannan ta mutu. Na waiga kanta, injin yana nan da ƙurarsa.

Hajara ta ce a hankali, "Mi kat taɓa?"

Na ce ban taɓa komai ba.

Na buɗe fayil ɗin, muryar Baffa Ori ce. Na zuba ta a waya, muka hau babur zuwa bakin ruwa, muka kunna a lasifika. Tsohon ya shiga kiran shanunsa da suna, ɗaya bayan ɗaya, su kuma suka ɗaga kai, suka faɗa ruwa a jere. A ƙarshe muka ji ya ce, "Saye, taho da ɗiyarki."

Buba ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Malam, Saye ba ta haihu ba sai bayan munka rufe Baffa."

Shanun duk sun ƙetaro, har 'yar maraƙar. Da na koma ofis na bincika injunan nan biyu, fayil ɗin babu, a wayar ma babu.

Har yau injin yana kan kanta, na hana a jefar da shi. Ni ban nemi bayani ba, kuma ba na roƙonku bayani. Abu ɗaya nake roƙo: wanda ya karanta wannan ya yi wa Baffa Ori addu'a, Allah Ya hutar da shi daga kiwo.