Madarar da Na Sauke

Ni 'yar Kebbe ce, gidan noma da shanu. Tun kafin in iya ɗaura zane aka koya mini cewa madara ba ta zuba a wuta. Inna takan ce, "In madara tat taɓa wuta, hantsar saniya ka ƙonewa." Na taɓa yin sakaci sau ɗaya, na sha ludayi a ka, ban ƙara ba.

Da aka yi mini aure na koma Tambuwal, kwatas ɗin malaman sakandare inda maigidana yake koyarwa. Katanga ɗaya muke da wani Ba'indiye mai koyar da lissafi da matarsa. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Amarya. Hausarta duk a karye take, na yi ta mata dariya, ita ma tana yi mini in na ci barkononta ina hawaye. Sau biyu ta yi ɓari kafin mu san juna. A shekarar nan tana da ciki na uku, ya kai wata biyar, kuma tafiya take kamar mai ɗauke da ƙwai.

Da sanyi ya shigo, an gama girbi, sai ta ce bikin girbi na garinsu ya zo. Ta roƙe ni madarar safe da sabuwar shinkafa. Na aika Kebbe aka kawo shinkafar fadama, na samo madara a ruga, ita ta sayi rake da mazarƙwaila da sabuwar tukunyar ƙasa. Ta ce a garinsu kwana huɗu ake yi, har da ranar shanu, a yi musu wanka a shafa wa ƙahoninsu launi. Wai abin bautarsu ne ya aiko bijimi ya gaya wa mutane su riƙa cin abinci sau ɗaya a wata, shi kuwa ya ce kullum, shi ya sa aka bar shi duniya yana huɗa don abincin ya isa. Na ce to ai ya kyauta mana. Duk wannan ta ba ni labari, abu ɗaya ne ba ta gaya mini ba.

Da hantsi na shiga na tarar ta yi zane da garin shinkafa a ƙofa, ta kafa murhu a tsakar gida wajen da rana ke fitowa. Ta ɗaura wa tukunya ɗanyen gangamau a wuya. Ita da mijinta suna tsaye, sun haɗa tafin hannu, sun zuba wa tukunya ido. Madara ta fara kumfa, ta taso har baki, ba wanda ya motsa. Na ce a raina, mutanen nan da karatu amma ba su san madara ba! Na yi wuf da bakin zanena na sauke tukunyar. Ko ɗigo bai zuba ba, har ina jiran a gode mini.

Madam ta yi wata 'yar ƙara, ta dafe cikinta. Mijin ne ya yi mini bayani a hankali: zubar ita ce bikin. In madara ta tumbatsa ta malala, shekara ta zo da albarka ke nan, kuma matarsa ta ɗora duk zuciyarta a kan ta bana. Na ce a mayar mana. Aka mayar, ta sake tasowa ta zuba, suka yi kirarinsu da murya ƙasa-ƙasa. Ta zuba mini shinkafar a ganyen ayaba tana cewa, "Ba komai, Amarya." Na ci, amma ban ji zaƙinta ba.

Farkon damina ta haifi ɗa namiji ba rai. Maigidana da mijinta suka binne shi a bayan kwatas. Ni Musulma ce, na san rai da ajali na Allah ne, madara ba ta kashe kowa. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau ɗari. Ita ma ba ta taɓa ɗaga maganar ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da sanyi ya zagayo na ƙirga kwanaki, na samo madara mai kyau, na kai mata da sassafe. Na yi niyyar in tsaya da hannuwana a baya. Ta dubi ƙwaryar, ta ce gidan da aka yi rashi ba ya biki sai shekara ta cika. Ta ce, "Baɗi, Amarya." Kafin baɗin kwantiragin mijinta ya ƙare, suka koma ƙasarsu. Ban sake jin ɗuriyarta ba.

Ranar da ta mayar da ni da ƙwaryar, na dawo gida na ɗora madarar a murhuna. Na ce yau zan bar ta ta zuba saboda Madam, ko da ba ta gani. Na zauna ina kallo, ta yi kumfa, ta taso har baki. Kafin in ankara hannuna ya riga ya sauke tukunyar. Nan na zauna a gaban murhu na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne yaron.