Jinin da Sauro Ya Sha a Ɗakin Kawu

Shekarar da na gama makarantar koyon aikin lafiya na koma ƙauyenmu Yasore zaman jiran aiki, a gidan Kawu, yayan mahaifiyata, wanda a hannunsa na tashi. Ba ni da wani aiki sai taya matarsa, Inna, tuƙin tuwo da wanke-wanke. Damina ta yi tsakiya, gero ya fara ɓoye mutum, sai ga aike daga gidan mai gari wai wata baƙuwa daga jami'a tana neman mace mai ɗan karatu da za ta riƙa shiga gidaje da ita.

Na ɗauka rigakafi ne. Ashe sauro ta zo kamawa.

Siririyar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba, ga gilashi a ido, ga takalmin roba har gwiwa. Malama muke ce mata. Ta yi wa dattawa bayani a ƙofar gidan mai gari cewa tana so ta san ko sauron yankinmu ya daina jin maganin da ake sa wa gidan sauro, da kuma wane iri ne yake ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ta ce idan an kai shi ɗakin bincike, ana iya duba jinin da ke cikinsa a gane na mutum ne ko na dabba. Dattawa suka dubi juna. Can wani tsoho ya ce, “Ɗiyata, in dai sauro ne, ki zo da buhu. Mun ba ki duka, har na maƙwabtanmu mutanen Darini mun haɗa maki.”

Aikin da sassafe ake yi. Mu shiga ɗaki, a fitar da abinci da ruwan sha, mu shimfiɗa fararen zannuwa ko'ina, a rufe ƙofa da taga, a fesa magani, mu jira a waje. Idan an buɗe, sai mu durƙusa muna tsintar gawar sauro da ɗan hantsaki, muna jefawa cikin 'yan kwalabe, na kowane gida daban. Mata su tsaya bakin ƙofa suna dariya. Wata ta ja ni gefe ta tambaye ni a kunne ko miya ake yi da shi a birni. Na ce mata eh, amma sai an soya.

Ranar da layi ya zo gidanmu, Kawu ya tare mu a zaure da carbinsa a hannu.

Sai na faɗi yadda Kawu yake. Dogon mutum ne mai murya, manomi na gaske, kuma akwai abu biyu da yake taƙama da su. Na farko jininsa. Kullum da safe sai ya sha jiƙon maɗaci kofi guda, saboda haka ya ce jininsa ya yi ɗacin da sauro ba ya iya kusantarsa. Gidan sauron da aka ba shi a asibiti yana nan soke a rufin ɗakinsa cikin ledarsa, bai taɓa warware shi ba. Na biyu, rashin tsoro. A shekarun nan ɓarayin dabbobi sun dami mutane, kowa ya janye awaki da tumakinsa zuwa cikin gida. Shi kuwa Kawu yana da wani ragon uda, baƙi da fari, da yake ɗaurewa a turke can bayan gida inda kowa zai gani, yana cewa ba a haifi ɓarawon da zai taɓa igiyar ba.

“Ku shiga ɗakin mata,” in ji shi. “Nawa ɗakin ɓata magani za ku yi. Sauro ya san ni.”

Malama ta rusuna ta ce, “Baba, ai irin ɗakinka muke nema. In ba mu samu komai ba, shi ma sakamako ne.”

Wannan magana ta yi masa daɗi, ya buɗe mana da kansa. Ɗakin ya sha shara, ga hayaƙin turaren wuta kamar ɗakin amarya, abin da ban san Kawu da shi ba. Muka shimfiɗa zannuwa, aka yi feshi. Da muka buɗe, sai ga farin zane ya yi ɗigo-ɗigo da sauro, kuma ba ramammu ba, kowanne cikinsa ya yi jajir ya kumbura kamar zai fashe. Duk unguwar ba mu ga ƙosassun sauro irin na ɗakin Kawu ba.

Kawu ya leƙo, ya duba, ya gyara hularsa. “Waɗannan baƙi ne. Wani wuri suka ci suka zo nan kwana.”

Da ba don Baffa ba, da maganar ta mutu a nan. Baffa taubashin Kawu ne, ɗan gwaggonsa da ta yi aure cikin Fulanin Babban Duhu. Shi ne ma ya ba Kawu ragon, tun ragon yana ɗan ƙarami. Duk ranar kasuwar Batsari sai ya biyo ta gidanmu ya sha ruwa, kuma tun suna yara ba su taɓa zama wuri ɗaya ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Ni na ba shi labarin sauron, kuma ban rage komai ba. Daga ranar ya daina kiran Kawu da sunansa, sai dai ya tsaya a ƙofa ya ce, “Salamu alaikum, ina mai ciyar da baƙi?”

Bayan 'yan makonni Malama ta dawo zagaye na biyu, ta zo da abin da aka gani a ɗakin bincike. Ƙa'idarta ita ce kowane mai gida a gaya masa nasa shi kaɗai. Ranar kuwa ta dace da kasuwa, Baffa yana zaune kan dakalin ƙofar gida tare da maƙwabta. Ta ce da Kawu su ɗan keɓe. Ya ce atafau.

“Nan za ki faɗa, gaban wanga Bafillace. In jinina ne, in ji da kunnena.”

“Baba, ka tabbata?”

“Faɗi, ɗiyata.”

Ta dube ni, na kawar da kai. Ta ce, “To, yawancin sauron ɗakinka ba jinin mutum suka sha ba.”

Kawu ya miƙe tsaye, ya buɗe hannuwa. “Kun ji! Kun ji ko? Ilimi ne ya faɗa, ba ni ba!” Ya juya kan Baffa yana nuna shi da carbi. Maƙwabta suka fara jinjina kai, wani ma yana tambayar inda ake samun maɗaci mai kyau.

Baffa bai motsa ba. Ya jira hayaniya ta lafa, sannan ya ce a hankali, “Malama, to jinin mi suka sha?”

Ta ce, “Na tunkiya ne, ko rago.”

“A cikin ɗaki?”

“Sauron da ya ƙoshi ba ya son tafiya mai nisa,” in ji ta. “Yakan nemi bango mafi kusa ya huta. Ba zan rantse ba, amma da wuya a ce duka daga waje suka shigo.”

Baffa ya cire malafarsa ya ajiye a gwiwa. Ya dubi Kawu tun daga ƙafa har kai. “To, ɗan kawuna, ɗayan biyu ne. Ko dai kai ne ragon ba mu sani ba, ko kuwa kana da abokin kwana.”

Daga cikin zaure, inda ta laɓe tana saurare, sai muryar Inna ta fito: “Ku tambaye ni, ni mai sharar kashinsa kullum kafin gari ya waye! Turarena duk ya ƙare!”

Dakalin nan ya kece da dariya, har wani ya faɗo ƙasa. Ashe kullum idan ƙafa ta ɗauke, Kawu yakan zagaya ya kwanto ragon ya shigar da shi ɗakinsa ya sa sakata, kafin kiran assalatu ya mayar da shi turke. Kawu bai musa ba. Ya ce ragon ne mai tsoro, shi rakiya kawai yake yi masa. Ya tattara babbar rigarsa ya shige gida.

Malama ba ta ji daɗi ba, ta bi shi ta ba shi haƙuri. Ta kuma gaya masa gaskiya: ba ɗacin jini ne ya kare shi ba, sauro ya sami nama ne kusa, kuma ko a hakan akwai waɗanda suka sha jinin mutum a cikin kwalbarsa. Ta roƙe shi ya sauko da gidan sauron nan ya ɗaura. Ya ce ya ji. Da yamma na ga ya sauko da ledar, na ce a raina lallai ilimi ya yi aiki.

Ana cikin yankan gero, wata safiya Kawu bai fito masallaci ba. Rana ta fito bai fito ba. Inna ta tafi rijiya, sai na dama koko na kai masa. Na yi sallama, na ji wata 'yar murya ta amsa. Da ƙyar Kawu ya jawo jiki ya zare sakata, ya koma ya kwanta.

Abin da na gani ba zan manta ba. Gidan sauro a ɗaure tsaf, kusurwa huɗu, an danne gefensa da duwatsu don kada ko ɗaya ya shiga. A cikinsa rago ne a kwance yana tuƙa, yana kallona kamar na shigo masa ba izini. Kawu kuwa yana kan gadonsa a fili, ya ƙudundune cikin bargo, haƙoransa na kaɗawa.

“Kawu! Mene ne haka?”

“Shanye mani shi suke,” ya ce da ƙyar. “Shi ya sa ba ya ƙiba. Ni ai jinina…” Bai ƙarasa ba sai amai.

Dariyar da ta taso mini ta koma. Jikinsa kamar garwashi, idanunsa sun yi ja, yana magana yana ɓata. Ban taɓa ganin Kawu a kwance da rana ba tun da na yi wayo. Na ruga na kira maƙwabci mai babur, muka sa shi a tsakiya, ni a baya ina riƙe da shi, muka kama hanyar Batsari cikin taɓo. Kansa yana faɗowa kan kafaɗata, ina ta kiran sunan Allah.

A asibiti aka huda masa yatsa aka ɗiga jinin a 'yar na'urar gwaji. Ba a daɗe ba layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro. Zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya yi ƙarfi. Aka ba shi gado, aka yi masa allura, aka sa ƙarin ruwa. Sai da ya kwana biyu kafin ya nemi abinci da bakinsa.

Baffa ya zo da ƙwaryar nono tun daga Babban Duhu. Na zaci zai fara tsokana daga bakin ƙofa, amma ya zauna a gefen gado ya riƙe hannun Kawu. Shi kansa Baffa a shekarar da ta wuce ɓarayi suka kore masa shanu, ya san abin da ke sa mutum ya kwana da dabba a ɗaki. Sai da ya ga Kawu ya shanye nonon ya lashe ludayi, sannan ya ce, “Na biya ta gida na gaida mai ɗakin a cikin gidan sauronsa. Ya ce a gaya maka ya kwana lafiya, kada ka yi gaggawar dawowa.”

Kawu ya yi dariya har ƙarin ruwan yana rawa.

Da Malama ta zo zagayen ƙarshe na ba ta labari, ta riƙe baki. Daga nan ta fara tambayar kowane gida a ina dabbobi suke kwana, kuma ta ce kada a share ɗaki kafin mu zo. Sai ga shi ba Kawu kaɗai ba ne. Mun tarar da akuya a ɗakin wata tsohuwa, mun tarar da 'yan tumaki bayan gadon wani ladan, har da wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa dariya a dakali. Ta ce wannan abu ne da ya kamata masu bincike su sani, domin inda dabba take kwana yana iya sauya inda sauro yake cizo. Ta kuma nemo wa Kawu gidan sauro na biyu, ta ɗaura masa da hannunta, ta sa ya yi alkawari gaban Inna cewa wannan na mutum ne.

Daga baya na sami aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Safana, ba nisa da su Baffa. Duk lokacin da ya kawo jika ko surukarsa awo, sai ya zauna kan benci cikin masu jiran layi, ya nuna ni da sanda ya ce, “Kun ga wannan? Ku tambaye ta labarin kawunta.” Ba ya ma jira a tambaye ni, shi yake bayarwa, kuma kowace shekara labarin ƙara girma yake. Zuwansa na bara, ina cikin ɗaki ina auna wata mai ciki, na jiyo shi ta taga yana rantsuwa cewa ba rago ba ne, ɗan maraƙi ne, kuma har matashin kai Kawu ya sa masa.