Mahaucin da ke Cikin Baba Tanko

Ina zaune a tashar jirgin ƙasa ta Agege, inda nake akawu, sai wani mahauci ya faɗo da jini har gwiwar hannu. "Malam akawu, bijimi ya kashe Baba Tanko!" Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Tanko ƙanin mahaifina ne, shi ne babban mahautan layinmu. Hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya taɓa marin wani dillali har haƙora suka zuba, don ya doki saniya a ido. Da yamma ya aika masa da romo, tunda tauna ta gagara. A al'adar mahautanmu, hanta da ƙodar dabbar farko ta kowace rana rabon babba ne, kuma a gaban jama'a yake gasawa ya ci.

Sai babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ko zani ya taɓa shi sai ka ji ihu. Na kai shi wurin likita a Ikko, na yi tafinta. Likita ya ce a jikin mutum akwai wani sinadari mai daddatsa abin da ke cikin nama, ɓurɓushin ya fita da fitsari. Hanta da ƙoda sun fi kowane nama barin ɓurɓushi. Na Baba ya taru, ya daskare a gaɓa kamar allurai. Ko ya bar cin su, ko ƙafar ta bar shi.

Baba ya harare ni. "Wato akwai mahauci a cikina, kuma ba ya share mayanka?"

"Kusan haka, Baba."

"To gaya wa oga likita, ran da na bar rabona, yara za su ce na sauka daga shugabanci. Ƙafa biyu gare ni."

Ranar da abin ya faru, in ji mahaucin, ana sauke shanu daga tarago, wani bijimi ya tsinke igiya, kowa ya watse. Baba, da a da shi kaɗai ke kama ƙaho ya murɗe wuya, ya yunƙura, ƙafar ta ƙi taka ƙasa. Bijimin ya soke shi a ciki, ya ɗaga shi, ya maka da tarago, ya dawo ya tattake. Mahauta suka rufe dabbar da sara har ta durƙushe. Baba na tare hanjinsa da hannu, ya ce, "Ku juya shi gabas ku yanka, kada ya zama mushe." Bai ƙara magana ba.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa zafin hannu, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba matarsa Inna Hajara da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Amin.